Kuɗin Ranar Hutu da Goron Kaka

Bai wa yaro ɗaya kunu ba aiki ba ne. Aiki shi ne yara takwas a tabarma ɗaya, kowa da ƙoƙonsa. Sai ki fara da mai saurin kuka, ki bi da mai ƙwace na wani, ki bar mai haƙuri a ƙarshe. Amma kada ki manta da shi, domin mai haƙuri shi ne zai koma gida da yunwa bai faɗa wa kowa ba. Ina wannan bayani ne saboda 'yan matan da ke zuwa wurina yanzu suna cewa za su buɗe gidan reno. In na tambaye su abin da suka tanada, sai su ce ɗaki da fenti da kayan wasa. A ganinsu reno zama ne da yara har iyaye su taso daga aiki. To, ku gyara zama.

A Daudawa na koyi sana'ar, a hannun Iya Mairo. Maigidana malamin gona ne, can aka fara tura shi bayan aurenmu. Ni kuma na baro ɗan aikin karanta sanarwa da nake yi a gidan rediyo, na zo na zauna ba abin yi. Iya Mairo maƙwabciyarmu ce, tana riƙe wa matan ma'aikata 'ya'ya. Ranar da na fara leƙawa, ko amsa gaisuwa ba ta gama ba ta miƙo mini jariri da majanyi, ta ce in goya ta gani. Na goya. Ta zagayo bayana, ta zura yatsu tsakanin zanen da bayan yaron.

"Wanga goyon zuwa biki ne," in ji ta. "Kwance."

Na kwance na sake har hannuna ya gaji kafin ta yarda. Goyon aiki daban ne. Yaro yakan zauna sama, kansa tsakanin kafaɗunki, yadda za ki sunkuya ki ɗauki wani a ƙasa na bayan bai zame ba.

A wurinta na gane kuka iri-iri ne. Na yunwa a hankali yake hawa. Na ciwon ciki da naɗe ƙafa yake zuwa. Na rigima kuwa yakan tsaya ya saurara ko ana tafe, in ba a tafe ya ci gaba. Ita ta koya mini duba bayan kunnen kowane yaro da safe tun yana hannun uwarsa, domin daga nan ƙyanda take fara nuna kanta, kuma yaro ɗaya ya isa ya kwantar da gida.

Lokacin da aka mayar da maigidan Ƙanƙara, shekarun man fetur sun kankama. Albashi ya ƙaru, ana ta gina makarantu da asibitoci, ana ɗaukar mata aikin koyarwa da jinya. Sai ga malamai mata da nas-nas daga Faskari da Sabuwa da ƙauyukansu, kowace da goyo, ba uwa ba suruka a kusa. A da 'yar reno ake ɗaukowa daga ƙauye, to amma an buɗe firamare kyauta, 'yan renon duk sun shige aji. Wata nas mai suna Hauwa ta kai ga kwantar da jaririnta a kwalin magani ƙarƙashin tebur. Ita ce ta fara kawo mini ɗa. Kafin damina ta fita, ɗakin baƙinmu da rumfar tsakar gida sun cika.

Kayan aikina ba su da yawa. Tabarmin kaba, da leda ƙarƙashin kowane zanen shimfiɗa. Randa mai murfi da moɗar da ba a yarda yaro ya taɓa ba. Ƙoƙuna da ludaya, kowanne da alamar da aka ƙona masa da wuƙa mai zafi, don kada na mai mura ya shiga bakin mai lafiya. Risho don dama kunu cikin gaggawa, da murhu don babbar tukunyar dafa nafkin. Ranar da tukunyar nan ba ta hau wuta ba, gobe ba aiki. Igiyar shanya kuwa ta zagaye tsakar gida, har maigidan yakan ce a duk Ƙanƙara shi kaɗai ne magidancin da ke shiga gidansa a sunkuye.

Amma gidan a bayan Talatu yake tsaye. Bazawara ce 'yar Tafoki, doguwa, mai faɗin baya da kaifin baki. Takan goya ɗaya, ta saɓa ɗaya, tana jijjiga na uku da ƙafa, bakinta kuma bai fasa ba da labari ba. Jarirai duk nata ne, ni ina riƙe da masu tafiya da murhu. Wata-wata nake biyan ta, kamar yadda iyaye ke biya na wata-wata. Kuɗin wata ɗaya ne, ko an yi hutu a cikinsa ko ba a yi ba. Dogon hutun makaranta mun daɗe da daidaitawa da malamai, suna biyan rabi a riƙe musu gurbi. Ranakun hutun gwamnati kuwa ba wanda ya taɓa ɗaga maganarsu.

Shekarar da ta fi ba ni wuya da ƙyanda ta fara, cikin bazara. Na rufe gida har ta lafa. Ban karɓi kuɗin kowa ba, na kuma ci gaba da biyan Talatu daga ɗan abin da na tara. Allah ya sa ba mu rasa yaro ko ɗaya ba, amma asusu ya ƙare ƙarƙaf. Muna farfaɗowa ke nan, kaya suka fara tsada a kasuwa, sai kuma ga watan da hutun 'yancin kai da na Babbar Sallah za su haɗu a cikinsa.

Ana gab da shiga watan, Malam Isuhu ya yi sallama da la'asar tare da iyaye maza biyu. Akawu ne a ofishin ma'aji, mutumin Ruwan Godiya. Matarsa Malama Binta 'yar Sabuwa ce, tana koyarwa, 'yarsu Ummi kuma tana wurina. Mutumin kirki ne mai barkwanci, amma in ya kama lissafi ba ya saki. Maigidan ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kira ni.

"Hajiya, magana ce ƙarama," in ji Malam Isuhu. "Watan da za mu shiga hutu ya yi mashi yawa. Yaran suna gida, kununmu suke sha, zannuwanmu suke jiƙawa. Mi zai sa mu biya kuɗɗin ranar da ƙofarki ke rufe?"

Na ce, "Malam Isuhu, ranar hutu ofishinka a buɗe yake?"

"A rufe."

"Ana yanke maka albashi?"

"Gwamnati na da rijiyar mai, Hajiya. Ni rijiyar gidana ko ruwa sai da damina."

Aka yi dariya, har da ni. Amma ba wasa ya kawo su ba. Sun riga sun yi shawara da sauran iyaye cewa daga watan da za a shiga za a cire kuɗin kowace ranar hutu. In ban yarda ba, akwai matar wani direba a bayan tasha da ta fara karɓar yara, ita kuma lissafinta na kullum-kullum ne. Maganarsu ba ta rasa hujja ba. Wanda bai hau mota ba ai ba ya biyan kuɗin mota. Na roƙi su ba ni lokaci in yi tunani.

Talatu tana bayan ƙofa da goyo, ta ji komai. Ina shigowa ta tare ni.

"Hajiya, ni ban yi boko ba, amma na san in an yanke maki, ni za a yanka."

Sai ta faɗa mini abin da take ɓoyewa. Ana neman masu shara da wankin zannuwa a asibiti, an ce ta je Litinin ta farko bayan watan hutun ya ƙare.

"Can ana biyan mutum ranar da ya yi aiki, a biya shi ranar da ya kwanta gida, in ya tsufa kuma a biya shi don ya tsufa. Ba ni son tahiya. Amma ɗiyana ukku ba son da nike ma gidanga za su ci ba. In albashina ya cika, ina nan. In ya ragu ko da kwabo ne, ina asibiti."

Gaskiya ta faɗa. Bayan ƙyanda ba ni da abin cikawa. In aka cire kuɗin hutu albashinta ba zai cika ba. In ta tafi ba mai riƙe jarirai, jarirai kuwa su ne rabin gidan.

Hutun 'yancin kai ya faɗo dab da ƙarshen mako. Ana jajibirinsa da yamma, sai ga Malama Binta da Ummi da ƙunshin kaya, ga nas Hauwa da wata malama a bayanta, kowace da nata. Yaye suka kawo.

A nan sai na yi wa 'yan baya bayani. A al'adarmu uwa ba ta yaye ɗanta a ɗakinta. Wurin kaka ake kai shi ya yi kamar mako ba ya ganin uwar, a ba shi rubutu da kunu har ya haƙura da nono. Ranar da za a mayar da shi, kaka takan ba shi kaza, mai hali ta ba da akuya, ta zama dukiyarsa ta farko. Matan da ke kawo mini yara ba su da kaka a kusa. Malama Binta mahaifiyarta ta rasu, surukarta kuma tsufa ya hana ta ɗawainiyar yaro. Haka na zama kakar kowa. Kuma duk ranar hutu suke jira su kawo yaye, domin uwa tana bukatar kwana biyu a gida. Nono yakan cika ya yi ta ciwo, ba ta iya tsayuwa gaban allo ko kan majinyaci. Saboda haka ranar da ake cewa ƙofata a rufe take, ni da Talatu muna ciki da 'yan yaye, waɗanda ɗayansu ya fi yara biyar aiki.

Ban taɓa karɓar kuɗin yaye ba, domin kaka ba ta sayar da yaye. Gyaɗar kunu da madara da kaza da ladan Talatu duk daga kuɗin wata suke fita, wato daga kuɗin ranakun hutun nan. Maza ba su taɓa haɗa abin ba, saboda yaye maganar mata ce. Su dai sukan ga yaro ya dawo da kaza a ɗaure, su ce Allah ya saka da alheri.

Na ce da matan su zauna.

"Tunda lissafin kullum-kullum za a koma, sai mu yi shi duka. Ranar hutu ba kuɗi, na yarda. Amma yaye zai zama aiki kamar kowane aiki, kwana kaza kuɗi kaza, in ba ku rasit. Kaza kuma kowa ya saya wa ɗansa a kasuwa."

Malama Binta ta riƙe baki.

"Hajiya! In biya kuɗi a yaye mini 'ya, kamar na kai ɗinki? Gobe in ta girma sa'o'inta su ce ke da aka yaye da kuɗi? In aka ji wannan a Sabuwa ina zan sa kaina?"

"Ni dai ba zan zama ta farko ba," in ji nas Hauwa.

Talatu ta leƙo daga ɗaki. "Ba komi, Malama. Sai a naɗe rasit ɗin a ɗaura ma ɗiyar a wuya kamar laya."

Ba wanda ya yi dariya sai ita. Na karɓi yaran duk da haka, domin an riga an karɓo rubutu, kuma ba a fasa yaye a bakin ƙofa.

Ɗan yaye ranar farko ba ya cin komai, ƙofa kawai yake kallo. Ba a rarrashinsa a inda ya saba ganin uwarsa tana shigowa. Talatu takan goya shi ta zagaya bayan gida wurin awaki, ta yi ta nuna masa su tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya har hankalinsa ya ɗauke. Kunun gyaɗa ake damawa mai ɗumi, kuma ba a yi masa ɗura. Ke za ki zauna gabansa ki riƙa sha kina lumshe ido, har ƙyashi ya kama shi ya miƙo hannu. Ummi ta fi sauran taurin kai. Ta zubar da ƙoƙo, ta ciji Talatu a kafaɗa, ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Ana cikin wannan kukan, a ranar hutun kanta, na ji tsayuwar babur. Malam Isuhu ne. Ya tsaya a zaure bai shigo ba, don kada 'yar ta gan shi aiki ya koma baya.

"Hajiya, kin haɗa ni da gwamnatin gida. Tun jiya ban ji wata magana ba sai ta kaza."

"Ka ji bayani ke nan."

"Na ji, da kunnena ma ga shi ina ji. Amma ina nan kan bakana. Ranar da ban kawo yaro ba, ba ni biyan kuɗɗin reno. In na sauka daga nan, waɗanda suka turo ni za su ce kunu kika ba ni. Kuɗɗin yaye kuwa, Binta ta ce in na biya kada in dawo gida."

"To ka ga inda muka tsaya. Kai ba ka biyan na hutu, ita ba ta biyan na yaye, Talatu kuma asibiti na jiran ta."

Ya riƙa juya makullin babur a yatsa. Daga ciki Ummi ta ƙara murya.

"Ba a biyan kaka, gaskiya ne," in ji shi. "Amma ana kai mata goro. Wa ya taɓa hana jika gaida kakarshi ranar hutu?"

Shawararsa ita ce a cire kuɗin hutu kamar yadda suka nema. Amma duk hutun da ya zo, kowane gida ya kawo yaro ya gaida kaka da goro, ko ɗansu na yaye ko ba ya yi, tunda wanda aka yaye jiya da wanda za a yaye gobe duk jikoki ne. A fara da Sallar da ke tafe.

Na ce, "Nawa ne goron?"

"Haba Hajiya. Goron gaisuwa yana da farashi?"

Nan gizo ke saƙar. Kuɗin wata tabbas ne, goro kuwa sai abin da zuciya ta bayar. Amma ba ni da wata hanya da ta fi ta, sai na ce na amince. Da na faɗa wa Talatu, ta gyara goyonta ta ce, "Goro dai? Haƙorana sun yi ja da goron mutane, ban ga ranar da ya biya mani haya ba."

Ummi ta karɓi ludayi da kanta bayan 'yan kwanaki. Na kama kaji daga cikin nawa, na ɗaure wa kowane ɗan yaye tasa, suka koma gida ana saura kaɗan Sallah.

Washegarin Sallah da hantsi aka fara sallama. Abin da ni da Malam Isuhu ba mu hango ba shi ne, kuɗin wata a ɓoye ake miƙa shi, goro kuwa a gaban jama'a ake ajiyewa. Mata suka cika rumfa cikin kwalliya, kowace tana satar kallon abin da ta kusa da ita ta sauke. Wata ta kawo kuɗi a ƙulle cikin sabon ɗankwali, ta ce har ɗankwalin. Wata tiyoyin gyaɗa. Nas Hauwa kwalin sabulu. Wani malami ya aiko da galan ɗin kananzir. Cinyoyin rago kuwa sun taru har maigidan ya ce da ya sani da bai yi layya da babba ba. Matar wani masinja ƙwai ta kawo a ƙwarya, tana ta sunkuyar da kai. Na karɓa da hannu biyu, domin na san kuɗin wata ya daɗe yana yi musu nauyi, kuma wannan tsari su ya fi sauƙaƙa wa. A nan Malam Isuhu ya yi gaskiya.

Shi ne ya zo ƙarshe, da goro na gaske fari tas a faranti, da ambulan a ƙarƙashi.

"Na tambayi wanda ya riga ni abin da ya kawo, ya ƙi faɗa mani," in ji shi. "Dole na yi sama. Hajiya, na cire kuɗɗin hutu, yanzu ga shi ina biyan abin da ya fi shi, kuma ba rasit."

"Kaka ba ta ba da rasit, Malam. Albarka take sawa."

"To a sa da yawa."

A watan ban sayi sabulu ba, ban sayi kananzir ba, ban sayi gyaɗa ba. Da wata ya ƙare na miƙa wa Talatu albashinta cif. Ta ƙulle a bakin zane, ba ta yi murmushi ba.

"Wanga wata ya cika," ta ce. "Na gaba hwa? Goro yau akwai, gobe babu."

Ban yi mata alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Na ce ta yi shawara da zuciyarta.

Ranar Litinin rana ta ɗaga Talatu ba ta zo ba. Na riga na goya ɗaya, wani yana riƙe da ƙafata, ga wata malama tsaye a bakin ƙofa da jariri tana duba agogo tana tambayar ina Talatu. Ina shirin ce mata daga yau ba na karɓar jarirai, sai na hango doguwar mace tafe daga hanyar asibiti, cikin zanen Sallah, tana tafiya kamar ba wanda ke jiran ta.

"Daga ina?" na tambaye ta.

"Asibiti."

"To?"

"Na je na ce masu su ba wata aikin. Na leƙa ɗakin wankin na gani da idona. Zannuwan manya ne, Hajiya. In dai wanki ne, gara na waɗanda ba su san sun yi ba."

Ta karɓe jaririn daga hannun malamar, ta wurga shi baya, ta ja majanyi daga igiya.

"Ke Malama, tahi, kin makara. Hajiya, yaushe ne hutu na gaba?"

"Kirsimeti."

"To a faɗa ma Malam Isuhu tun yanzu, ya fara tara goro."